Mai Faci Ya Koma Huda Taya

Tun ranar da aka ce ciwon Zika ya shigo gari, Mai Faci bai sake barin unguwa ta huta ba. Ba don kansa yake wannan rawar jikin ba. Matarsa ce ke da ciki, cikin fari kuwa, bayan jiran da har dangi sun gaji da tambaya. A asibiti an gaya musu sauro ke kawo ciwon. Babba kan ɗan yi zazzaɓi ya warke, amma in ya kama mai ciki yana iya taɓa ɗan, a haife shi da ƙaramin kai. Wannan magana ta ƙaramin kai ita ta tsaya masa a ƙirji.

Sai ya ɗaura yaƙi da kwata. Ya yashe ta ƙofar gidansu, ya yashe ta maƙwabta, ya yi cacar baki da mai wanki, ya yi da mai aski. Rana na faɗuwa zai tasa matar gaba sai cikin gidan sauro, ya bi ya cusa kowane gefe ƙarƙashin katifa.

"Haba Maigida," in ji ta, "ni kaza ce da za ka kife ni tun magariba?"

"Kaza ko zabuwa, ki dai zauna a ciki."

To, wa ciwon zai kama? Shi dai gogan. Ya tashi wata safiya idanu jajir, ƙuraje sun feso masa har wuya, gaɓoɓi kamar an daka. Matar ta so ta yi dariya, ta ga fuskarsa ta fasa, ta ɗauko mayafi suka nufi asibiti.

Nas ɗin da ke duba masu ciki ta sa aka ɗebi jininsu su biyun, sannan ta tambaye shi inda yake aiki.

"A ƙofar gida, Sista. Rumfar facina na jingine da ɗakinmu."

"Tsofaffin tayoyin fa, ina kake kai su?"

Ya gyara zama, don an zo inda yake alfahari. "Ai ni ba na yar da taya. Suna nan bayan taga, tsibi guda. Wata rana sai ka ga sun yi amfani."

Nas ta ajiye biro. "Malam, wannan sauron ba ruwansa da kwata. Ruwa mai kyau yake so, irin na sama da ke kwanciya cikin taya. Kuma da rana tsaka yake cizo, lokacin da gidan sauronka ke naɗe."

Matar ta juyo ta dube shi.

Suna isa gida ya zagaya bayan taga, ya karkata taya ɗaya. Ga su nan, 'yan tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil cikin ruwa garai-garai. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ashe duk zagin da ya yi wa mai wanki, shi ke kiwon abin da hannunsa, dab da kan gadon matarsa!

Ya ce bari ya zubar. Duk wanda ya taɓa gwada zubar da ruwan cikin taya ya san wahalar: ka juya nan, ruwan ya gudu can, ka mirgina ta, ya bi ka a hankali. Ya yi gumi sharkaf, ruwa na nan. Sannan mutumin da tun tasowarsa bai san komai ba sai toshe huda, ya sa ƙarfe a wuta, ya fara ɓula tayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.

Mai aski ya leƙo. "Ikon Allah! Zazzaɓin ya taɓa kai ne? Ko kasuwa kake nema wa kanka?"

"Kawo tayar da ke bayan shagonka ma, in yi mata."

Kafin la'asar yara na ta mirgino masa tayoyi daga kowane lungu. Har bahon da yake tsoma robar taya don ya gano inda iska ke fita, kullum sai ya zubar ya dirje shi da soso, don an ce ƙwan sauron na mannewa a jikinsa.

Gwaji ya nuna shi ya kamu, ita ba a ga komai ba. Amma Nas ta ce jini ba ya faɗin duka, sai an bi cikin da hoto har ƙarshe. Ta ƙara da cewa ciwon na bi ta kwanciyar aure, don haka a kiyaye. Ya kwashi filonsa ya koma falo.

"Alhamdu lillahi," in ji matar, "na huta da munshari."

Tana tsokanarsa, yana dariya, amma duk ranar hoto ba ya iya cin abinci.

Haihuwar ta zo da hantsi. Ya ji kukan daga barandar asibiti. Da aka kira shi ya tarar da Nas ta zagaya kan jaririyar da tef ɗin awo. Bai tambayi mace ce ko namiji ba.

"Sista, kan fa?"

"Za mu ci gaba da duba ji da ganinta," in ji ta. "Amma kai kam, akwai kai. Tambayi matarka."

Daga kan gado matar ta buɗe ido da ƙyar. "Naka ta ɗauko sak, Maigida. Ni na ji a jikina."

Mai Faci ya ɗora tafinsa mai kaushi a kan 'yarsa, kan ya cika masa hannu taf. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya fashe da kuka har ya fi jaririyar.