Cokali Uku na Romo

Tsohon mahauci ya cusa fulas a ƙarƙashin rigarsa, ya wuce nas yana gaishe ta kamar ba komai. Yau kwana shida ɗansa direba na kwance, ba ci ba sha, sai ruwan leda da ke ɗiga masa a jijiya.

Tun ranar farko likita ta yi wa tsohon bayani. Wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi, wai ita pankiriyas, mai fitar da ruwan da ke narka abinci. Ta kumbura, ruwan ya juyo yana cin ta.

"Amma tana sake tofowa, Baba. Cikin kowace ƙwayarta akwai masu ɗinke ɓarna, hutu kawai suke so. Maiƙo na shiga cikin nan, aiki ya koma baya."

Shi dai ya gyaɗa kai. Shekara arba'in yana fiɗa. Tsokar nan kyanwa yake jefa wa. Yarinyar jiya ce za ta koya masa kayan ciki? Bai taɓa ganin dabbar da yunwa ta warkar ba.

"Baba, ko ƙamshin ne in shaƙa," in ji direba da tsohon ya buɗe fulas ɗin a bakin gadonsa, leɓensa duk ya tsage.

"Buɗe baki. Romon ƙashi ne, ba guba ba."

Matar direba ta miƙe. "Baba, likita fa ta hana."

"Likitar ce ta haifa mini shi?"

Ta koma ta zauna. Cokali uku ya ba shi.

Kafin la'asar direba ya dunƙule yana kelaya amai, yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Aka ɗebi jini. Likita ta dawo da takarda, fuska a murtuke.

"Jiya ciwon ya fara sauka, yau ya ninka. Me ya shiga cikinsa?" Ta juya ga matar. "Ke ce mai jinya. Faɗa mini, lokaci na tafiya."

Matar ta sunkuyar da kai. Ko za a yanka ta, ba za ta tona surukinta ba.

Tsoho ya ji fulas na ƙona masa haƙarƙari. Ya zaro shi ya ajiye a bakin gado.

"Ƙyale ta, 'yata. Ni ne. Cokali uku."

Likita ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta kira nas biyu, suka fara tura gadon. Ya bi ta har ƙofa.

"Zai tashi?"

"Da jiya ka tambaye ni, Baba, da na ce e."

Surukarsa ta miƙo masa fulas ɗin da hannu biyu. Har yanzu da zafinsa.