Gida na Ƙarshe a Teku

A allon wasan, gida ɗaya ya rage da ba a soka wa jan fil ba. Sauran ɗari da arba'in da uku duk sun yi ja, kamar tekun ya kamu da ƙyanda.

Yaya ne ya yanka allon da hannunsa, ya shafa masa shuɗin fenti, ya sassaƙa jiragen yaƙi da guntun katako. Jirgi ɗaya ne ba a ɗora shi a kan allo: mai nutso ƙarƙashin ruwa. Mai shi zai rubuta gidan da ya ɓoye shi a takarda, ya ninke, ya tura ƙarƙashin allon. Abokin karawa ya yi ta jefa bam gida-gida, ana ce masa babu, har ya dace.

Yaya yakan ce wa Auta, wadda ba ta iya haƙurin ɓuya ba, mai nutso ba da harbi yake cin wasa ba. Da shiru yake ci. Muddin ba a gan shi ba, yana ko'ina. Ranar da ya leƙo, ya zama katako.

Suna tsakiyar wasa da Baba aka kira Yaya aiki a jirgin dakon kaya. Ya ce a bar masa allon yadda yake, shi da ya kusa cinye tsoho. Wata na biyu wayarsa ta daina shiga. Kamfanin ya aiko da wasiƙa mai layi huɗu, ba gawa, ba jaka.

Tun daga nan, kowace Asabar da yamma Baba yakan rufe shagonsa na gyaran agogo, ya zauna a gaban allon, ya kira gida ɗaya tak. Auta ce ke zama a kujerar Yaya. Ba ta taɓa buɗe takardar ba. Takan ce babu, ya soka fil, ya tashi ya ci abinci da kyau. Duk satin da ta makara, ba ya taɓa kwano.

Gwaggo ta sha faɗa mata cewa kunya ce mace mai digiri ta ƙi aiki a wani gari saboda wasan yara, kuma ita ce ke ƙara haukata tsohon. Auta takan amsa cewa digirin nata ne, Asabar ɗin ma tata ce, wanda ya ga zai iya zama a kujerar ga ta nan. Babu wanda ya zauna. Sau biyu ana kiran ta aiki tana ƙi, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba.

Amma yau gidajen sun ƙare. In ta ce babu, ina kuma Baba zai nemi ɗansa? In ta ce ya samu, ita ce ta nutsar da shi da bakinta.

Da hantsi, Baba yana shago, ta ɗaga gefen allon. Agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba suna ta bugawa a bango, kowanne da lokacinsa. Ta zaro takardar.

Rubutun Yaya ne, mai kwanciya gefe kamar iska na tura shi. Layi na uku, gida na tara.

Ta bi allon da yatsa. Akwai fil a wurin, har ya yi tsatsa. Ta tuna shi sarai: shi ne na farko, Asabar ɗin da wasiƙar ta zo. Ita ce ta ce babu.

Ta daɗe a tsaye kafin ta lura da takardar kanta. Ninkin ya yi laushi kamar tsumma, ya kusa rabuwa biyu. A gefe ɗaya akwai tabon babban yatsa, na man agogo, wani kan wani, tsoho da sabo.

Ta mayar da ita yadda ta same ta.

Da yamma Baba ya shigo, ya wanke hannu, ya zauna. Ya tambaye ta ko gwaggonta ta zo da wa'azin yau, ta ce ta zo, har da ƙari. Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ɗauki fil, ya riƙe shi a saman gidan da ya rage. 

"Layi na sha biyu, gida na ɗaya," ya ce. Bai dubi allon ba, ita yake kallo.

Auta ta gyara zama a kujerar Yaya, ta ɗaga kai.

"Babu, Baba."

Ya soka fil ɗin a hankali. Ya daɗe yana duban jan tekun.

"Ya motsa ke nan," ya ce. "Kin san halin yayanki, ba ya zama wuri ɗaya."

"Ba ya zama."

"To cire su, Auta. Mu sake daga farko."

Ta jawo gwangwanin da ake zuba fil, ta fara zare su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan mai tsatsar, ya ƙi fita. Baba ya miƙo mata ɗan hantsakinsa na aiki, ya juya fuska wajen taga har ta gama.