Matar da ke Bakin Ƙofar Kicin

Mai walda ya bar ƙofar ƙarfen da yake haɗawa, ya cusa wani littafi cikin riga, ya nufi makarantar 'yarsa Auta kamar wanda aka biyo. Yau matarsa za ta kira. Sau ɗaya a mako uwar ɗakinta take ba ta waya, can ƙasar da ta tafi aikatau, kuma yau take jiran amsarsa: ta ƙara shekara biyu ko ta dawo. Shi ya riga ya yanke. Ɗakunan da suka fara ginawa har yanzu ba rufi, gara ta ƙara.

Sai ga wannan littafi. Na yara ne, mai zane-zane, kowane shafi da yadda ake rayuwa a wata ƙasa. Auta ta aro shi a makaranta, ta lalubo ƙasar da mamanta take, tun daga nan abinci ya daina shiga bakinta. A shafin, iyali ne zaune a tebur suna dariya. Can gefe, bakin ƙofar kicin, wata mata ce tsaye da faranti. Auta ta ce Mama ce, kuma ba za ta ci ba sai Mama ta zauna. Ya yi lallashi, ya yi tsawa, yarinya ta kafe. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nasa ne ta ɗauko.

Boko bai taɓa zama a kansa ba. So yake malamar su Auta ta karanta masa cewa matar 'yar gida ce, ya koma ya rufe bakin yarinya.

Malama na ganinsa da jan ido ta ɗauka faɗa ya kawo, har ta fara ba shi haƙuri. Ya buɗe shafin ya ce ta karanta kawai. Ta karanto sunan uban da sana'arsa, sunan uwar, sunayen yaran, da abin da ke cikin kwanukan. Har kyanwar da ke ƙarƙashin tebur tana da suna.

"Ita fa?" Ya ɗora yatsa, baƙin hannunsa ya ɓata gefen farantin.

Malama ta sake bin layukan, ta leƙa shafin gaba, ta dawo.

"Baban Auta, ba a ce komai a kanta ba."

"Ko suna?"

"Ko suna."

Ta ce in yana so za ta gaya wa Auta gwaggon yaran ce, yarinya za ta yarda. Abin da ya zo nema ke nan, amma kunya ta rufe shi. Duk kiran da matarsa ta yi, maganar bulo da kwanon rufi yake mata. Bai taɓa tambayar me ya sa take magana ƙasa-ƙasa ba.

Yana bakin ƙofar makarantar wayarsa ta yi ƙara. Muryarta a ƙasa kamar kullum, bayanta ƙarar cokula da dariyar mutane. Ta ce ya yi sauri, me ya yanke?

"Maman Auta, a zaune kike ko a tsaye?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ya duba wayar ko layin ne ya yanke.

"Ki haɗa kayanki," ya ce. "Rufin ya jira."