Tsallen Bankwanan Baba Sai-Gobe

Duk unguwar masu tsalle da ke kan tudu a Acapulco ta ƙasar Meziko, babu wanda jikinsa ya sha ɗori kamar Eusebio Galeana, wanda kowa ke kira Chebo. Baƙo idan ya gan shi yana ɗingishi, ya kuma ji an ce ai wannan shekararsa arba'in da 'yan kai yana dirowa daga ƙololuwar dutse zuwa cikin teku, sai ya kaɗa kai ya ce, "Allah sarki, sana'a ce ta cinye shi." Ina! Teku ko ƙwarzane bai taɓa yi wa Chebo ba. Kafaɗar nan daga kan kujera ya faɗo garin sauya ƙwan lantarki. Haƙarƙarin, bishiyar mangwaro ce. Ɗingishin kuwa babur ɗin surukinsa ya hau, shi da ko keke bai iya ba, suka je suka gaisa da katangar coci.

Kuma duk wannan ɓarna magana ɗaya ce tal ke jawo ta, daga bakin mutum ɗaya: amininsa Nicanor, mai sayar da kwakwa a bakin titi, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce cibiyarsa ba. Da zarar an ga wani abu a sama wanda ba ruwan kowa da shi, sai Nicanor ya gyara hula ya ce, "Haba mutumina! Kai da kake dirowa daga kan dutse, wannan ɗan abin ne zai ba ka tsoro?" Shi ke nan. Gwiwoyin Chebo su miƙe da kansu, kafin hankalinsa ya ankara an riga an tafi kiran maɗori.

Abin haushin shi ne, a kan dutsen babu mai natsuwarsa. Lungun ruwan da suke faɗawa siriri ne, kuma ba ya yin zurfi sai igiyar ruwa ta shigo ta cika shi. A gindinsa akwai wani baƙin dutse mai tsini da masu tsalle ke kira Haƙorin Suruka. In igiya ta shigo ta rufe Haƙorin ruf, akwai ruwa. In yana leƙowa, to ka tsaya inda kake. Chebo zai hau, ya durƙusa gaban ɗan ɗakin addu'ar da ke sama, ya miƙe, ya zo baki ya zuba wa teku ido. Baƙi 'yan yawon buɗe ido su ɗaga wayoyinsu har hannu ya yi tsami, su sauke, su sake ɗagawa, shi yana nan. Sai ya hango igiyar da yake so tun tana can waje, sannan ya saki ƙafa, su iso tare shi da ita. Don wannan jira nasa samarin ƙungiyar masu tsalle suka laƙaba masa Baba Sai-Gobe.

To, bana ƙungiyar ta ce ya isa haka, idonsa ya fara gajiya. Aka tsayar masa da ranar Lahadi domin tsallen bankwana: za a kawo 'yan badujala, a tara unguwa, ya yi na ƙarshe kowa na kallo, a rataya hotonsa a bango kusa da na tsofaffin da suka riga shi. Ba a yi wa mutum wannan sau biyu. Chebo kuwa babu abin da yake so a duniya kamar hoton nan, yana cikin iska hannuwa a buɗe.

Matarsa Herlinda ita ma ta ji labari, ta ɗaura ɗamara. Tun farkon mako ta kai tsani gidan ƙanwarta. Kujerun falo ta ɗaure su da ƙafar tebur. Ƙwan lantarkin kicin ya mutu, ta ce a bar shi, ai da rana take girki.

"Yanzu ni ne aka mayar jariri a gidana?" in ji Chebo.

"Jariri ai yana jin magana," ta ce. "Ka kai min ƙasusuwan nan Lahadi a haɗe, tsoho. Daga nan in ka ga dama ka hau hasumiyar coci."

Ranar Asabar aka yi bikin zagayowar haihuwar jikarsu a tsakar gida. An dafa romon masara tukunya guda, maƙwabta sun cika ko'ina, an rataye wa yara tukunyar alewa da za su fasa da sanda. Ana cikin ja da saki kirtanin da aka rataye ta da shi ya kuɓuce, ya yi sama ya naɗe a jikin wani ƙarfe kan rufin maƙwabci. Rufin nan kwano ne da ya tsufa, tsatsa ta cinye shi, ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta taka. Yara suka fara kuka. Nicanor ya ajiye kwalbarsa, ya gyara hula.

"Nicanor," in ji Herlinda daga bakin murhu, "ka haɗiye ta."

"Uwargida, ni me na ce? Kawai dai ina mamaki ne. Mutumin da gobe gari guda zai taru ya kalla, kai da kake dirowa daga kan dutse, wannan ɗan..."

Bai ƙarasa ba Chebo ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kan randa, hannu ya kama bakin katanga. Herlinda ta yar da ludayi ta sheƙo ta cafki wandonsa ta baya. Shi yana ja sama, ita tana ja ƙasa, wandon da ba shi da laifin komai ya bi ta. Tsakar gida ta kaure da dariya, har yaran da ke kuka suka manta. Chebo ya sauko yana tattare mutuncinsa da hannu biyu. Wani maƙwabci ya ɗauko doguwar gora ya zunguro kirtanin, ko tashi daga kujera bai yi sosai ba.

Da baƙi suka watse, rana ta yi sanyi, Herlinda na wanke-wanke shi yana zaune yana cika yana batsewa.

"Ni abin da ke ɗaure min kai," ta ce, "a kan dutse kana da hankalin mutum goma. Kana saukowa sai ka bar shi a can. Wai a ɗakin addu'ar kake ajiye shi?"

Tambayar ta shige shi. Can ya ce, "A can sama ba na jin kowa. Iska ke kwashe murya. Daga ni sai ruwa."

"To Allah ya ƙara wa iska lafiya," ta ce, ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Lahadi ta zo da jama'a maƙil a kan matattakalar kallo da ke fuskantar dutsen. 'Yan badujala sun jera da kakakinsu na tagulla. Herlinda ta tsaya inda ta saba tsayawa tun tana amarya, can ƙasa kusa da ruwa, da tawul a kafaɗa. Chebo ya hau, ya durƙusa ya yi addu'arsa, ya zo baki. Yana duban ruwan ya ga ba lafiya. Iska ta juya tun safe, igiyoyin ba sa shigowa kai tsaye, sai su zo a karkace su daki bango su koma. Haƙorin Suruka kuwa yana nan yana murmushi, ruwa ya lashe shi ya wuce, ya sake leƙowa. Samarin da suka hau tare da shi suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Baba, yau fa ruwan nan ba ya son baƙi."

"Mu jira," in ji Chebo.

Aka jira. 'Yan badujala suka gama waƙa, suka sake ta, suka kuma sake ta, don ita kaɗai suka haddace da kyau. Mai babban kakaki ya zauna yana fifita da hula. Sai kawai aka ji wata ƙara ta cika lungun, kamar ana goga tukunya da ƙusa, sannan murya ta biyo baya.

"Gwaji, gwaji! Jama'a kuna ji na?"

Tirƙashi! Ashe Nicanor, don ya karrama amininsa, lasifikar mai tallan gas ya aro, ya ɗaura ta a kan amalanken kwakwarsa. Yau dai iska ba ta da ta cewa.

"Ga shi can, zakin teku! Tare muka tashi, ni na san shi! Chebo! Mutumina! Jama'a sun ƙosa, romo yana hucewa!" Mutane suka yi dariya, dariyar ta ƙara masa ƙaimi. "Haba Sai-Gobe, yau ba gobe! Kai da ka shekara arba'in kana dirowa daga dutsen nan, yau ɗan ruwan nan ne zai ba ka tsoro?"

Maganar ta haura dutsen tsaf, ta same shi a inda ba ta taɓa samunsa ba. Chebo ya ji gwiwoyinsa sun lanƙwashe da kansu. Yatsun ƙafarsa suka kama bakin dutse, hannuwansa suka fara buɗewa. Jama'a suka ɗauka da ihu, wayoyi suka yi sama, mai ɗaukar hoton ƙungiya ya gyara tsayuwa. Ga hotonsa nan, saura ya saki ƙafa. Wata igiya ta taso daga waje, ba laifi, mai ɗan girma. Wataƙila ta rufe Haƙorin. Wataƙila.

Kalmar nan ce ta tsayar da shi. Duk tsawon zamansa a sana'ar bai taɓa sakin ƙafa a kan wataƙila ba. Wataƙila ta kujera ce, ta mangwaro, ta babur. Ya tsaya yana kallo igiyar ta shigo a karkace, ta daki bango, ta koma. Haƙorin ya leƙo, baƙi ƙirin, daidai inda kansa zai sauka.

Ya sauke hannuwansa. Ya juya, ya sake durƙusawa gaban ɗakin addu'ar, sannan ya bi hanyar baya, wadda masu shara da masu kawo kyandir ke bi, ya fara sauka da ƙafa.

Kai, saukar nan ta yi masa tsawo. Yana jin ana ihun tsiya, wani yana masa kukan kaza wai shi matsoraci ne, wani baƙo na tambaya ko an fasa ne. 'Yan badujala da ba su san abin yi ba suka sake kama waƙar nan tasu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko jiya da wandonsa ya bi Herlinda. Ya san hoton ya tafi. Za a rataya wani dai, wataƙila yana tsaye riƙe da takardar yabo kamar malamin makaranta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa.

Yana isowa matattakala Nicanor ya tare shi, abin maganar lasifikar na hannunsa, ya manta bai kashe ba.

"Mutumina, me ya faru? Ka ba mu kunya! Ni da na ce wa mutane..."

"Nicanor," in ji Chebo, muryarsa ta fita ta lasifika ta karaɗe lungun, "ga hanya can, ban rufe ta ba. Kai da ka shekara arba'in kana kallo, ɗan ruwan nan ne zai ba ka tsoro?"

Sai wata tsohuwa mai sayar da mangwaro ta ƙwala, "Nicanor! Nicanor!" Nan take matattakala ta ɗauka, ana tafi, 'yan badujala suka samu abin yi. Nicanor ya fara bayanin cewa gwiwarsa na ciwo, kuma bai daɗe da cin abinci ba, kuma ai likita ya hana shi, duk ta lasifika. Daga ƙarshe ya tura amalankensa ya yi gaba, kwakwa na zubewa yara na bi.

Chebo ya gangara wurin Herlinda. Jikinsa a bushe ƙayau, amma ta ware tawul ɗin ta lulluɓa masa a ka, ta shiga goge shi kamar yadda ta saba.

"Ba ki ga na ƙarshen ba," ya ce daga ƙarƙashin tawul. "Na so ki gani."

"Na farkon ma ban gani ba."

Ya yaye tawul ɗin. "Kamar yaya?"

"Ban taɓa ganin tsallenka ba, tsoho, ko sau ɗaya. Haƙorin nake kallo. In ruwa ya rufe shi na san za ka taho, sai in rufe ido, sai na ji tafi in buɗe." Ta share fuskarta da bakin tawul ɗin. "Yau bai rufu ba, na ga ka buɗe hannu. Na ce shi ke nan, yau Nicanor ya kashe min miji."

"Duk wannan gwanintar? Juyin da nake yi a iska? Wanda na yi ranar da kika zo da uwarki?"

"An ce yana da kyau."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga yadda ta riƙe hannunsa kamar za a ƙwace mata, sai ya rufe. Shekara arba'in da 'yan kai tana tsaye a nan da ido a rufe, shi yana can sama yana zaton shi ne mai ƙarfin hali a gidan.

Suka hau tudu a hankali, yana ɗingishi, tawul a wuyansa. Da suka shiga gida kicin ya fara duhu. Chebo ya ɗaga kai ya dubi mataccen ƙwan lantarkin, ya dubi kujerun da ke ɗaure da tebur. Herlinda ta tsaya tana kallonsa.

"Je ki karɓo tsanin nan a gidan ƙanwarki," ya ce. "Ki zo ki riƙe min. Amma fa ki buɗe ido."