Ƙyauren Malam Datti

Damin gero biyu. Buhun gyaɗa da ba a ɓare ba. Kabewa, ƙwaryar kuɓewa, zakara a kwando, fartanya mai karyayyar ƙota. Sai wani ƙulli a farin ƙyalle, wanda Hansai ta hana a jefa shi cikin kaya. Tun daga gonarsu ta Katabu yake a cinyarta.

Sanda yana zaune a kan buhun gyaɗar a bayan motar itace, hannu ɗaya a kan hula. Gabansa ƙanwarsa Aishatu ce, da Inna Maryamu maƙwabciyarsu, wadda gonarta ke jikin tasu. Mahaifiyarsa Hansai tana can ƙurya, ta ba shi ƙeya tana kallon hanya.

Damina ta zo ƙarshe. Ciyawar gefen titi ta fara ja, dawa ta fid da kai, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa ba ruwa. Haka aka saba tun Sanda yana yaro: in kaka ta ƙarato a kwashi gida a tafi gona, a dawo da abin da Allah ya bayar. Mahaifinsa, Malam Datti, masinja ne a Sakatariya. Duk mako yana kan keke da kakin gwamnati, ranar hutu kuma ya tuɓe kakin ya nufi Katabu. Ya rasu Sanda yana Ingila yana koyon aikin gine-gine da gadoji. Wannan ce kakar farko da Sanda ya gani a gida tun tafiyarsa.

"Bature, riƙe hularka da kyau," in ji Inna Maryamu, "kada iskar Kawo ta mayar da ita inda aka saye ta."

"A Babbar Kasuwa na saye ta, Inna."

"To kai kaɗai ne ɗan waje ke nan. Hansai, kin ga ɗan naki? Dami ɗaya ya ɗaure ya kama baya yana nishi. Ubansa kuwa sai an roƙe shi yake shan ruwa."

Hansai ba ta juyo ba. Ta dunguri kwandon zakara da ƙafa ta ce, "Kai kuma ka yi mana shiru."

Sanda ɗan fari ne. Hansai ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa abinci hannu da hannu ba. A ɗakin kakarsa ya tashi, ya ji kawunnansa suna ce mata Yaya, shi ma ya ɗauka. In tana son ya ɗebo ruwa sai ta ce wa tulu, "Yau ba mai cika ka ke nan." Kafin ya tafi bai taɓa ganin wani abu a ciki ba. A Ingila ne ya zauna gidan wata tsohuwa mai ba da haya, wadda take sumbatar ɗanta, ƙato mai gashin baki, a bakin titi duk safiya. Da fari abin ya ba shi ƙyama. Daga baya ya daina kawar da kai.

Ranar da ya sauka a tashar jirgin ƙasa, cikin dangi da maƙwabta, ya nufe ta kai tsaye ya kama hannunta biyu. Ta fizge, ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suka yi ta dariya. Tun daga ranar in ya shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a madafa.

Ranar Litinin hutunsa zai ƙare. Baturen ma'aikatar ayyuka ya ba shi zaɓi: ko ya tafi birnin Ikko na bakin teku a sa shi aikin tashar jiragen ruwa, da gida da girma, ko ya zauna Kaduna yana bin kwalbatoci da ƙananan gadojin da ruwa ya cinye. Kowa ya faɗi ra'ayinsa. Kawunnansa sun ce ya tafi. Aishatu ta ce ya tafi ya aiko mata da atamfa. Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba.

Motar ta faɗa rami, kabewa ta gangaro. Aishatu ta tare ta da ƙafa, ta matso kusa da shi.

"Yaya Sanda, ka san abin da ke cikin ƙullin can?"

"Ina zan sani?"

"Daddawa ce, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji. Har dakuwa ta yi. Wai an gaya mata mutanen Ikko ba su san kuka ba."

"Ita ta ce zan tafi?"

"Ita ba ta ce komai ba. Kirɓawa kawai ta yi ta yi."

Ya dubi ƙullin. An ɗaure shi da kyau, irin ɗaurin tafiya mai nisa. Suka sauka a Unguwar Kanawa, inda gidansu yake.

Da la'asar aka gama shigar da kaya. Aishatu ta hura gawayi ta jera zangarnun sabon gero tana gasa tumu, ƙamshin ya cika gidan. Inna Maryamu ta kai gyaɗarta gida ta dawo, don tumun gidan Malam Datti bai taɓa wuce ta ba. Hansai tana zaune a kan tabarma bakin madafa tana tsince kuɓewa.

Sanda ya shiga ɗakin mahaifinsa, inda yake kwana tun dawowarsa, ya ja ƙyaure don ya sauya riga. Ƙyauren ya zo rabi ya cije. Ya tura da kafaɗa, ya ƙi. Duk daminar nan da dutse yake tokare shi.

Ƙyauren katako ne mai nauyi, Malam Datti ya saye shi a gwanjon wani Bature da zai koma gida. Da damina sai ya sha laima ya kumbura ya ƙi rufuwa. Duk shekara, ranar da aka dawo daga Katabu, Malam Datti yakan cire shi ya kwantar a tsakar gida, ya ɗauko gizago ya sassaƙe gefensa. Baba Bulus kafinta, mijin Inna Maryamu, yakan leƙo ta kan katanga.

"Datti, ka bar ƙyauren nan! In iska ta bushe da kansa zai koma."

"Kai da katako kuke jiran iska. Ni yau nake son in rufe ɗakina."

Da rani kuwa ƙyauren ya tsuke, ya bar kafar da ɓera zai shiga bai sunkuya ba. Malam Datti ya je wurin Baba Bulus ya roƙi siririn katako ya buga a gefen. Damina ta dawo, ƙyauren ya kumbura har da ƙarin. Haka suka yi ta yi, shi da ƙyauren, har gefen ya zama faci kan faci. Sanda ne mai danne ɗaya gefen in ana sassaƙa, yana cin tumu da hannu ɗaya, ɓarɓashin katako yana faɗa masa a ka. Hansai takan zo da tsintsiya tana mita, ta kwashe ɓarɓashin ta hura wuta da shi.

Ya shafa gefen. Facin ƙarshe ya yi baƙi. Ba wanda ya taɓa shi tun rasuwar mai shi.

Ya fito bai sauya rigar ba. Ya tsaya a gaban tabarmar, sa'an nan ya tsuguna.

"Yaya."

Ta ci gaba da tsince kuɓewa.

"Yaya, jibi zan ba su amsa. Na tambayi kowa. Ke nake tambaya yanzu. In tafi ko in zauna?"

Aishatu ta tsaya da fifita wuta. Inna Maryamu ta ce, "Kai, ɗan nan! A tsakar gida? Da rana tsaka? Haka ake yi a can?"

"Inna, ki bar ni. Kalma ɗaya nake so."

"Kalma ɗaya! Ubanka ya zauna da ita har ya mutu bai ji ta kira sunanka ba, kai za ka karɓa yau don ka sa wando?"

Hansai ta jawo mayafi ta gyara shi ta gefen da yake. Hannunta ya tsaya cikin ƙwaryar. Da ta buɗe baki, sai ta dubi Aishatu.

"Aishatu, juya tumun nan, yana ƙonewa."

Aishatu ta juya shi.

"Ki kai ƙullin can ɗaki. Kada a sa shi kusa da kananzir."

Sanda ya miƙe. Ya kaɗe gwiwar wandonsa. Har ya juya, ya ji ta ƙara magana, ƙasa-ƙasa, kamar da kuɓewar take yi.

"An dawo daga Katabu, ƙyaure yana nan yadda yake. Bara ma haka ya kwana a buɗe. Da mai ɗakin yana nan da tuni an kwantar da shi."

Ta tashi da ƙwaryarta ta shige madafa.

Inna Maryamu ta murje tumu a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta watsa a baki. Ba ta dube shi ba, ita ma.

Sanda ya tsaya yana kallon ƙyauren. Ya san katako. An koya masa yadda yake shan ruwa da yadda yake sakinsa, har jarrabawa ya ci a kai. Nan da 'yan makonni ƙyauren zai rufu ba wanda ya taɓa shi. Hansai ma ta sani, ta sha jin Baba Bulus yana faɗa. In aka sassaƙe shi yau, da rani sai an buga faci. In aka buga faci, baɗi sai an sassaƙe. Aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma ba a aiko shi daga Ikko.

Ya shiga ɗakin ya durƙusa ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Kakin masinja yana sama a ninke, da jar ɗamara. A ƙasa gizagon yake, an naɗe shi da tsumma mai mai. Wani ya shafa masa mai kwanan nan, bai yi tsatsa ba.

"Aishatu, zo ki kama mini."

Suka cire ƙyauren da ƙyar, suka kwantar da shi a inda aka saba, tsakanin turmi da gindin gwanda. Aishatu ta zauna a ɗaya gefen da tumunta a hannu. Ya naɗe hannun riga. Saran farko ya zame. Na biyu ya ci.

Ƙarar ta fito da Baba Bulus. Ya leƙo ta kan katanga, kansa ya yi fari fat, tabarau a goshi.

"Wa nake ji? Sanda? Kai ma?"

"Barka da yamma, Baba."

"Da karatun naka? Ruwa ya ɗauke, yaro. Ka ba shi wata guda."

"Na sani, Baba."

"In ka sassaƙe shi, da rani akuya za ta shiga ta wurin."

"Na sani."

Baba Bulus ya dubi matarsa. Ta ce, "Me kake kallona? Ka je ka nemo masa katako ka ajiye." Ya sauke tabarau ya daɗe yana kallon yadda Sanda ya riƙe gizagon.

"Ko riƙon ma irin na Datti ne. Duk a karkace." Ya sauka daga katangar yana tari.

Sanda ya yi ta sara. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe. Tsofaffin ƙusoshi suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace da shekararta. Ya tara su a gefe. Ɓarɓashi ya rufe ƙasa, ya hau kan Aishatu, ta yi ta kaɗewa tana tsaki. Can sai ga tsintsiya ta fito daga madafa. Hansai ta bi bayansa tana shara, ba ta zo ta gabansa ba.

"Mutum ya share gida da safe," ta ce wa tsintsiyar, "a zo a mayar masa da shi shagon kafinta."

Ta kwashe ɓarɓashin a faifai ta koma ciki. Jim kaɗan hayaƙi ya tashi, mai ƙamshin tsohon katako.

Rana ta yi ƙasa suka mayar da ƙyauren. Sanda ya shiga ɗakin. Farin ƙullin yana kan gado inda Aishatu ta ajiye shi. Ya ɗauko shi ya miƙa mata ta ƙofa, ya ce a kai madafa. Sa'an nan ya ja ƙyauren. Ya tafi sumul, ya rufu. Ya zura sakata.

"Aishatu," ya ce daga ciki.

"Na'am, Yaya Sanda."

"Gaya mata ba zan je Ikko ba. Da rani zan buga masa faci."