Luo Deshan Ya Mutu Sau Biyu

Akwai iyayen da kwaɗayin maki ke rufe wa ido, har su ɗauka baƙin ciki ma kaya ne da za a jingine a bayan ƙofa sai an gama jarrabawa. Tan Guizhi tana cikinsu. Ba muguwar mace ba ce, kuma nan ne abin tsoron yake.

Tana tsame taliya daga tukunya wayar 'yarta Xiaoman ta yi ƙara. Sakamakon gaokao, babbar jarrabawar shiga jami'a, ya fito. Xiaoman ta duba, ta kife wayar a kan tebur, ta ci gaba da gyara baƙin ƙyallen makoki da ke damtsenta.

"Nawa?" in ji Guizhi.

Xiaoman ta kawar da kai.

"Ke, da ke nake. Nawa?"

Yarinyar ta turo wayar da yatsa ɗaya. Guizhi ta goge hannu ta karanta. Lissafi ya yi kyau, kimiyya ma haka. Harshen Sin ne ya zube warwas, darasin da tun firamare ba wanda ya taɓa shan gaban Xiaoman a cikinsa. Jimilla ta gaza da maki goma sha ɗaya ga abin da jami'ar likitanci ta babban birnin lardi ta saba karɓa.

"Kuskure suka yi," in ji Guizhi. "Sa takalminki, mu je makaranta wurin malaminku, Malam Pei."

A cikin bas, Xiaoman ta wuce kujerar da ke kusa da uwarta ta tsaya can baya. Haka take tun ranar da ta fito daga takarda ta ƙarshe, ta tarar da goggonta Defang a bakin ƙofar makaranta da jajayen idanu.

Shekara guda suka yi su biyu a ɗakin haya bayan makaranta, Guizhi na dafawa, na wanki, na kashe wa 'yarta ko da ƙarar cokali. Mijinta Luo Deshan ya zauna can garinsu a rumfarsa ta gyaran babur, yana aiko abin da ya samu. Da bazara ta shigo, Guizhi ta ji matan layi na zancen wani mai koyarwa da ke sayar da insha'i gamamme, wai kowace tambaya aka kawo sai ka lanƙwasa shi ya shiga. Maki sittin ke kan insha'i, maki ɗaya kuwa kan ture dubban yara. Ta je ta saya.

Labarin wani uba ne, malamin ƙauye, wanda ambaliya ta ci yana ceton ɗalibansa.

"Mama, ai Baba na nan da ransa," in ji Xiaoman a lokacin.

"Su masu dubawar sun san shi ne? Hawaye suke so. Haddace."

Ta haddace. Kowace safiya tana zagaya ɗaki tana binne ubanta da muryar karatu. Har ta taɓa karanta masa ta waya, ya yi ta dariya sai da tari ya sarƙe shi.

"Ni ne malami? Ni da ko rasit ba na rubutawa daidai? To, 'yar gidana, kashe ni da kyau dai, kada ki yi mini rabin aiki."

Tarin nan ne ya kai shi asibiti. Da likitoci suka ce ba zai tashi ba, Guizhi ta kira Defang, ta kira Malam Pei, ta roƙi kowa ya ja baki. Ta riƙa ce wa Xiaoman za ta kasuwar nesa, ta hau mota ta je asibiti ta dawo. Deshan ya kama hannunta a kan gado ya ce, "Kawo mini yarinyar. Ko ta taga ce in gan ta."

"Saura kaɗan, maigida. Bari ta gama."

Bai jira ba. Ranar da Xiaoman ta zauna tana rubuta yadda ruwa ya tafi da ubanta, an riga an ƙone gawarsa kamar yadda ake yi a can, tokarsa ta huce a cikin akwati a gidan Defang.

Malam Pei yana ofis da fanka a kansa, iyaye sun yi masa layi. Da ya ga baƙin ƙyallen sai ya tashi ya ja wa yarinyar kujera da kansa.

"Malam, a sake dubawa," in ji Guizhi tun ba ta zauna ba. "Yarinyar nan ka san ta."

"Na san ta. Shi ya sa tun safe nake lissafi. Sauran tambayoyin mun bi su tare bayan jarrabawa, ba ta zubar da abin kirki ba. A insha'i aka yanke ta, kusan rabi." Ya juya. "Xiaoman, me kika rubuta?"

Ta miƙe zaune, ta kafa ido a bango, ta fara. "Shekarar da kogi ya cika, mahaifina ya ɗaure igiya a ƙugunsa, ya juyo ya yi mini murmushin da ban sake gani ba..."

Malam Pei ya ɗaga hannu. Ya ƙarasa mata jimla ta gaba, kalma bayan kalma.

Guizhi ta juyo gare shi. "Kai ma ka sani?"

"Uwar Xiaoman, ke ce ta huɗu yau. Mutumin nan ba ke kaɗai ya sayar wa ba. Mai dubawa yana zaune, malamin ƙauye ɗaya ya nutse a gabansa sau ashirin kafin abincin rana, kuma tambayar ba ta ce a kawo kogi ba. Me kike so ya ba ta?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma na yi shirun da bai kamata ba, ba zan ɗora miki duka ba. Amma yarinyar da ke sa ni karanta rubutunta a gaban aji, ita kika saya wa bakin wani?"

"Za ta maimaita shekara," in ji Guizhi da sauri. "Zan yi wanke-wanke a gidan abinci, zan sayar da rumfar..."

"A'a," in ji Xiaoman.

Kalmar farko ke nan da ta faɗa mata kai tsaye tun ranar nan.

"Malam, da makin nan, wace makaranta ce ta fi nisa da nan?"

Ya dube ta, ya dubi uwar. A hankali ya ambaci wata kwalejin horar da malamai can arewa kusa da iyaka, inda jirgin ƙasa ke kwana a hanya kafin ya isa.

"Ita zan sa a farkon jerin zaɓina."

A bakin titi Guizhi ta riƙo hannun rigarta, ta kira ta da sunan ƙuruciya. "Manman, don ke na yi. Wa nake da shi in ba ke ba? Da na faɗa miki, da ba ki iya riƙe alƙalami ba."

Yarinyar ba ta fizge ba. Ta tsaya tana kallon motoci.

"Kin san me na yi da na gama rubutawa? Dariya na yi. Na ce bari in fita in gaya wa Baba na kashe shi da kyau." Ta juyo ta dubi uwarta. "Tambayar kan haƙuri ce wajen koyon sana'a, Mama. Babana ya yi shekara talatin yana kwance inji da farce baƙi ƙirin. Yana sauraron babur kamar likita, yana waƙa da muryar da ke korar kare. Da na rubuta shi. Ko ba su ba ni maki ba, da na rubuta shi. Sai na ba wani baƙo wurinsa, shi kuma yana can yana roƙon taga."

"Wa ya gaya miki zancen taga?"

"Goggo. Ita ta iya faɗin gaskiya."

Bas mai zuwa tashar garinsu ta tsaya. Xiaoman ta zare hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta shiga. Ba ta waiwayo ba.

Guizhi ta koma ɗakin haya da ƙafa. Taliyar safe tana nan a kwano biyu, ta kumbura ta daskare. Ta zauna a gabansu, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Ga abin da ta biya, a ƙirga. Mijin da ya roƙe ta abu ɗaya tak ya tafi bai samu ba. Jami'ar da ta hana shi ganin 'yarsa dominta ta kuɓuce da maki goma sha ɗaya. 'Yar da ta yi duk wannan saboda ita ta nemi wuri mafi nisa a ƙasar, ta kuma same shi. Abin da ya rage mata shi ne insha'in, don ita ma ta haddace shi tsaf, tun daga igiya har murmushi.