Yuriya a Gonar Baba Ndatsu

Ranar wata Talata ce a watan Agusta na 1983, kwana goma sha ɗaya ba a ga ɗigon ruwa ba. Hadari ya taso ta wajen Bosso ya watse. A ranar na zuba taki a gonar waken Baba Ndatsu da ke bayan Shango.

Baba Ndatsu Banufe ne, maƙwabcinmu. Tun da na bar makaranta a aji biyu na yi kwandasta, na yi faci, ba inda na cika wata uku. Shi kaɗai ya yarda da ni, ya ba ni kunya arba'in in kula da su. Farin waken da muka shuka a ciki shi ne ragowar irin gidansu, ƙwari sun cinye sauran.

Malam Edward, malamin gona, ya ce mini in haɗa takin zamani na supa da ruɓaɓɓen takin shanu, in binne nesa da gindi kamar taƙi ɗaya. Da na je inda ake rabon taki supa ta ƙare, sai yuriya, farin takin nan mai kama da sukari. Na ce ai duk taki ne. Takin shanu kuma sai an je rugar Fulani, don haka na kwaso ɗanyen kashin kaji a Tudun Wada, na cakuɗa, na tura har jikin gindin don ya ji da kyau.

Ranar Juma'a da safe na tarar bakin ganyen ya ƙone. Ina tsaye Baba ya iso da kekensa. Ya tsuguna ya tona gindi ɗaya, ya ɗebo fararen ƙwayoyi a tafinsa, ko narkewa ba su gama ba.

"Munzali, shayi za ka dafa masa? Wane ne ya ce ka ba wake sukari?"

"Baba, Malam Edward ne ya ce a haɗa."

"Ya ce wannan?"



Ya sansana hannunsa. "Kaza kuma jiya jiya ya yi wannan kashi. Kwashe. Da hannu, kar fartanya ya taɓa saiwa."

Muka durƙusa, shi a wannan kunya ni a waccan, muna yaye ƙasar mai zafi. Yatsuna suka fara raɗaɗi. Na ce bari in ɗebo ruwa a rafi.

"Bokiti nawa? Ruwa kaɗan kaɗan zai narkar da shi ya kai saiwa. Kwashe dai."

Har aka fara kiran sallah kunya tara muka yi. Bai tafi masallaci ba sai da na ce zan ci gaba ni kaɗai. Ya dube ni ya daɗe kafin ya hau keken.

Ruwa bai sauko ba sai ranar Laraba.

Kunya talatin da huɗu sun bushe ƙurmus. Shida sun rayu, biyu daga ciki ba su yi fure ba. Mudu uku muka shuka, abin da Baba ya sussuka bai kai rabin mudu ba.